Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Duk ajin babu wanda ya kai Inna saurin cafke abu, wannan kuma ba cika baki ba ne, kowa ya shaida. Ajin yana saman ɗakin karatun unguwa, inda ake koya wa baƙi yaren ƙasar da safe, kyauta. Kowa da inda ya fito, kowa da irin yadda harshensa yake karkacewa. Inna ce babbarsu a shekaru, ita ce kuma kullum a kujerar gaba, gyale a yafe, jaka a kan cinya ta rungume kamar wani ya ce zai ƙwace. Tela ce tun tana budurwa. Ranar da aka yi launuka da ƙidaya, kafin Malama ta rufe baki ta haddace. To, matar da ta yi shekaru tana riƙe awon matan unguwa guda a kanta ba tare da ta rubuta ko ɗaya ba, da ja da shuɗi za a tsorata ta?

Ba don sha'awa take wannan sammakon ba. Bayan rasuwar mijinta ne ɗanta na fari ya ɗauko ta ya kawo ta wurinsa. Direban bas ne a birnin, har 'yan'uwa da ke can ba sa kiransa da komai sai Direba. Izinin zaman da aka ba Inna na ɗan lokaci ne, kuma kafin a sabunta shi sai ta zauna a gaban masu jarrabawa ta yi musu magana da yarensu. In ta ci, ta zauna da jikokinta. In ta faɗi, sai jirgi, ta koma ɗakin da babu kowa a ciki sai keken ɗinkinta da ta lulluɓe da zane. Ta san wannan sarai, shi ya sa ko ruwa ake yi tana bakin ƙofa kafin a buɗe.

Komai yana tafiya daidai har aka zo darasin iyali.

Malama, wata doguwar mace mai fara'a da yawan dafa kafaɗar mutum, ta zana bishiya a allo, ta rataya uwa da uba da 'ya'ya a rassanta. Ta bi kowa tana tambaya. Da ta zo kan Inna ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, Inna ta ce uku, tsaf, har da ɗaga yatsu. Sunan autar? Ta faɗa. Na tsakiya? Ta faɗa. Sai Malama ta ce to shi babban fa, wanda take zaune a gidansa, mene ne sunansa?

Inna ta ji tambayar tun daga farkonta har ƙarshenta, babu kalmar da ta kuɓuce mata. Sai ta sunkuyar da kai ta kama gyara bakin gyalenta.

Ai ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta a gaban mutum ba. Uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi. Ba ta ɗauke shi a gaban jama'a ba, ba ta yi masa wasa ba. Da aka yaye shi yayar mijinta ta zo ta tafi da shi, Inna ta tsaya a tsakar gida tana shara kamar ba nata aka ɗauka ba, alhali zuciyarta kamar ta faso ƙirji. Da ya dawo hannunta ya yi wayo, "kai" take ce masa, in ba ya nan "yaron nan", da ya yi aure ya haihu ta samu sauƙi da "baban yara". Yanzu a ce da furfurarta, a gaban baƙi maza da mata, ta buɗe baki ta kira shi garau saboda an zana bishiya a allo? Allah ya kiyaye.

Malama ta maimaita a hankali. Ta sake maimaitawa tana nuna reshen. Ta miƙa mata biro ta rubuta, Inna ta ajiye biron, don a wurinta rubutawar ma faɗa ce. Ta so ta yi bayani, amma da me? Abin da ta mallaka na yaren bai wuce ja da shuɗi da ina kwana da nawa ne wannan ba. Mako ya zagayo aka yi bitar darasin, aka sake tambaya, Inna ta sake kallon ƙasa. Sai fuskar Malama ta canza. Ashe uwar Malama ciwon mantuwa ne ya kama ta, kuma da haka ya fara mata, da sunan wanda ya fi kusa da ita. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta kira Direba a waya ta ce ya kamata likita ya duba mahaifiyarsa. Ta kuma mayar da Inna ƙaramin ajin da ke ƙasa, inda ake ba tsofaffi hotuna suna haɗawa da kalmomi, a tafa musu in sun dace.

Shi kuwa Direba ya fi kowa sanin dalilin shirun nan, kuma da magana biyu zai warware wa Malama. Bai warware ba. Ya yi godiya ya kashe waya.

Da yamma ya zo da maganar, yana cin abinci a tsaye a kicin da rigar aikinsa. Ya ce an samu hanya mai sauƙi. Akwai takardar da likita yake bayarwa, in aka kai ta babu jarrabawa, babu aji, babu sammako cikin sanyi. A sabunta mata zama ta huta. Abin da ake so da ita kawai ta raka shi asibiti, in likita ya yi tambaya ta yi shiru, shi zai yi magana. Inna har ta fara sa albarka. Sai ta lura surukarta da ke wanke kwanuka ta daina motsi, ruwa yana ta zuba a banza. Amarya ake ce mata har yanzu, ko da yake ta haihu biyu, kuma a gidan kula da tsofaffi take aiki, ta san irin takardar nan. Inna ta juya ta tambaye ta me ake rubutawa a ciki. Amarya ta kalli mijinta, ta kalli famfo, sannan ta faɗa da ƙaramar murya: ana rubuta cewa hankalin mutum ya fara gushewa, ba zai iya koyon sabon abu ba, har sunan ɗansa ya manta.

Inna ba mai ɗaga murya ba ce, amma ranar maƙwabta sun ji Hausa. Ita ce hankalinta ya gushe? Ita da har yau ta san faɗin kafaɗar kowace amarya da ta yi wa ɗinki? A rubuta a ajiye a ofishin mutane, jikokinta su girma su tarar kakarsu ta zo ƙasar nan ba kai? Direba ya bari ta sauke, sannan ya gaya mata abin da ke cin sa. Uwar wani abokin aikinsa ta zauna jarrabawar nan ta faɗi, ta sake ta faɗi, shi da kansa ya kai su filin jirgi. Ba zai iya ganin an yi wa tasa uwar haka ba. Takarda ce kawai, wa zai karanta? Inna ta ce ko ba wanda ya karanta, ita ta ji abin da ke ciki, kuma ƙarya ce.

"To ki faɗi sunan mana, Inna," in ji shi. "Suna ne fa. Ki faɗa a wuce wurin."

Ta kau da kai gefe.

Ya ajiye cokali. "Ko da yake wa ya sani. Ni dai tun da nake ban taɓa ji ba. Wataƙila ma Malamar ta yi gaskiya."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Maganar nan ta soke ta fiye da zancen takardar, don ta gane ba yau ya fara riƙe ta a ciki ba. Namiji mai 'ya'ya biyu, gemu har ya fara fari, ashe har yanzu yaron nan ne da aka tafi da shi uwarsa tana shara. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska. Da ta fito ta ce wa Amarya ta gaya wa mijinta ya karɓi ranar ganin likitan, za ta je. Amarya ta ɗauka ta sauko ne. Ba ta san Inna ba.

A ƙasar ba a ganin likita yau-yau, sai can gaba aka ba su rana, bayan 'yan makonni. Inna ta ɗaura ɗamara.

Ajin hotuna ta ci gaba da zuwa, don ba ta raina abin da aka ba ta kyauta, amma ta san ba nan abin da take nema yake ba. Ranar da ta haɗa hoton saniya da kalmar saniya, wata budurwa mai taimako ta tafa mata har da tsalle, Inna ta bi ta da kallo har yarinyar ta sauke hannu. Amarya ta sa mata wata manhaja a waya mai koyar da yaren. Ta gwada ta kwana biyu ta ajiye: wayar ta nace sai ta ce yaro yana cin tuffa, doki yana shan ruwa. Ina ruwanta da abin da doki yake sha? Akwai ajin yamma na masu zuwa aiki, ta leƙa sau ɗaya ta tarar ana gudu kamar an biyo su, malamin ko ɗaga kai ba ya yi. Ta koma gaban talabijin tare da jikarta suna kallon katun, nan ma dai ta tsinci 'yan kalmomi.

A bakin jikar ta samu ta farko mai amfani. Aku take ce wa yarinyar, don bakinta ba ya hutawa, kuma duk da yaren ƙasar take zubawa. Wata rana Amarya ta tura mata cokalin ganye a baki, Aku ta dunƙule hannu ta buga ƙafa ta furta wata 'yar gajeriyar magana. Inna ta ce me ta ce? Amarya ta ce rashin kunya ce, wai ba za ta ci ba. Inna ta ce ba dai cewa ta yi ba za ta iya ba? Amarya ta ce a'a, wannan daban wancan daban, ɗaya ta wanda ya kasa ce, ɗaya ta wanda ya ƙi. Inna ta ce a maimaita mata. Wata da watanni tana zuwa aji, an koya mata "ban gane ba", an koya mata "ban sani ba", an koya mata "yi haƙuri", ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake ƙi. Ta wuni tana buga ƙafa a falo tare da Aku, har yarinyar ta gaji ta bar mata.

Amma ƙi kaɗai ba ya isa, sai da dalili. Dalilin kuwa kalma ɗaya ce, kunya. Ta tambayi wayar, wayar ta ba ta kalma. Ta haɗa jimlarta tsaf, ta tafi gwaji a kan maƙwabciyarsu.

Maƙwabciyar tsohuwa ce 'yar ƙasar, ƙofarta tana kallon tasu, ita kaɗai da wani ƙaramin kare mai haushin tsiya, shi ya sa Inna ta sa mata Mai Kare. Sun saba ne ranar da Inna ta gamu da ita a matakala aljihun kwat ɗinta yana reto, ta kasa haƙuri, ta ja ta da hannu ta zaunar da ita ta ɗinke mata. Tun daga nan in la'asar ta yi Inna takan ƙwanƙwasa, a kulle karen a banɗaki, a dafa shayi, a yi hira rabi da baki rabi da hannu. Ita ma Mai Kare tana da ɗa, sunansa ba ya barin bakinta, amma Inna ba ta taɓa ganin ya hau benen ba. Ranar dai Inna ta gyara zama, ta nuna ƙofar gidansu, ta ce da yarensu tana jin kunyar ɗanta.

Mai Kare ta ajiye kofi ta dafe ƙirji. Ta shiga tambaya da sauri-sauri: me ya yi? Sata? Yana dukan matarsa? Ko ita Inna yake duka? Har ta miƙa hannu ga waya wai za ta kira 'yan sanda. Da ƙyar Inna ta riƙe ta. Ashe kalmar da wayar ta bayar, a wurinsu ta abin kunya ce kawai, irin na wanda ɗansa ya zubar masa da mutunci a gari. Irin wadda ake ji ta suruki da ta ɗan fari, ta wanda ake ganin girmansa, ba su da ita ko a ƙamus. Inna ta dawo gida tana tsaki. Wane irin yare ne wannan, mutane su tara kalmomi har da sunan kowane irin kare, amma su rasa ta kawaici? Ta zauna a bakin gado. Da a gaban likita ta saki wannan magana, yaron nan yana zaune yana ji, ai da ta gama kashe shi.

Ta koma wurin Mai Kare washegari, don ba ta iya barin ɗinki a rabi. Tana zaune tana neman ta inda za ta ɓullo, idonta ya sauka kan kabad ɗin gilashin da ke falon. Kofuna ne a jere a ciki, farare masu bakin zinariya, kullum a goge, ba ta taɓa ganin an sha ko ruwa da su ba. Su kuwa da wasu masu kauri suke shan shayinsu, ɗaya ma ya ɓalle a baki. Inna ta nuna ta ce don me? Mai Kare ta yi murmushi ta ce na uwarta ne. Inna ta ce ba ta son su ne? Tsohuwar ta zaro ido. Ba ta so? Ai duk gidan ba abin da take so kamarsu, shi ya sa ba ta shan shayi da su. Ta faɗi wata kalma tana shafa gilashin.

Inna ta miƙe tsaye ta ce ta sake faɗa. Ta sake. Kalma ce ta abin da ya fi ƙarfin a riƙa jan sa kullum, abin da ake ajiyewa don darajarsa ta yi yawa. Inna ta tuna kwanukan jerenta na aure da ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Ba ita ce kunya ba, amma ta fi ta wayar kusa nesa ba kusa ba. Daga ranar hirar shayi ta koma aji. Inna tana haɗa jimla, Mai Kare tana warwarewa tana sake haɗawa, karen yana haushi daga banɗaki. Tsohuwar ba malama ba ce, ba ta san dalilin komai ba, haka ake faɗa kawai take cewa, kuma ba ta tafa wa mutum. In Inna ta karkace sai ta girgiza kai ta ce sake. Wannan ya fi yi wa Inna.

A gida kuwa ba ta ce wa kowa uffan ba. Direba yana gaishe ta tana amsawa, kowa yana kauce wa idon kowa. Amarya ce kaɗai ta ji ta wata rana tana mita a kicin da yaren mutane, ta tsaya ta saurara, ta gyara mata kalma ɗaya ta wuce kamar ba ita ba.

Ranar asibiti Inna ta sa atamfarta ta fita kunya. Likitan matashi ne mai tabarau, ɗakinsa ƙarami, kujeru biyu a gaban teburi. Ya gaishe su, ya juya ga Direba kamar yadda duk suke yi, yana tambayarsa game da ita kamar ba ta wurin: tana barci? Tana ɓata a hanya? Direba yana amsawa a gajarce, idonsa a kan takalminsa, don shi ma ba gwanin ƙarya ba ne. Sannan likitan ya ce zai yi mata 'yan tambayoyi, ɗan ya fassara. Ya tambayi wace rana ce yau. Direba ya buɗe baki zai juya mata da Hausa.

Inna ta ɗaga masa hannu, irin ɗagawar da take yi masa tun yana yaro. Ta faɗi ranar da yarensu, ta faɗi watan, ta ƙara da cewa ana ruwa a waje.

Direba ya juyo ya kalle ta baki sake. Ya taɓa ƙafarta da tasa a ƙarƙashin teburi, ta janye ƙafar. Likita ya faɗi wasu abubuwa ya ce ta riƙe zai tambaye ta an jima, ya sa ta ƙidaya da baya ta ƙidaya, ya dawo kan abubuwan ta jero masa su. Ya duba abin da aka rubuto masa, ya cire tabarau, ya nuna Direba.

"Wannan wane ne?"

"Ɗana."

"Mene ne sunansa?"

Ga ta nan, tambayar da ta jawo duk wannan. Inna ta gyara zama. Amma ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon. Ta kalli likitan ido cikin ido, ta fito da maganar Aku, sai dai ba ta buga ƙafa ba.

"Ba zan faɗa ba."

Likita ya tambaye ta ko tana nufin ba za ta iya ba.

"Zan iya. Na ƙi." Yaren yana fita a karye, wata kalmar tana riga wata, amma yana fita. "Ban manta ba. Shi ne na farko. A wurinmu uwa ba ta kiran na farko. Ba don ba ta so ba. Maƙwabciyata tana da kofi a gilashi, ba ta sha da shi. Sunan nan haka yake." Ta faɗi kalmar Mai Kare, ta faɗe ta daidai, har da inda ake jan ta. "Ina faɗa kullum. In na yi salla, ba kowa, ina faɗa wa Allah. Kafin nawa. Kafin na ƙannensa. Tun yana ƙarami aka tafi da shi, har yau da safe."

Ta tsaya don kalmominta sun ƙare, kuma don ta ji abin da ta faɗa. Da Hausa ko za a yanka ta ba za ta iya furta rabin wannan a gabansa ba. Da yaren mutane kuwa sai ya fita, kamar wadda ta ari mayafin wata ta ratsa kasuwa. Kunyar ta biyo baya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Ta ƙara abu ɗaya, don shi ya kawo ta.

"Kaina lafiya. Kada ka rubuta."

Likita ya mayar da tabarau, ya ce shi bai ga abin rubutawa ba. Ya gaya wa Direba, ba tare da faɗa ba, cewa takardar da ya zo nema ba ta irin mahaifiyarsa ba ce, jarrabawa sai ta zauna. Direba taga yake kallo, haƙoransa a cije.

Sun fito ana yayyafi. Inna ta shirya wa faɗa, don ta san ta ɓata masa shiri, yanzu in ta faɗi jarrabawa babu abin da zai tare ta. Amsoshinta ma ta shirya. Amma har suka hau bas bai tanka ba. Mai tuƙin abokin aikinsa ne, ya ɗaga masa hannu, Direba ko gani bai yi ba. Suka zauna a baya, ita a jikin taga, shi a gefenta, wannan ƙaton mutum ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

Sun yi nisa kafin ya yi magana, kuma ba da Hausa ya yi ta ba. Da yaren ƙasar ya yi, a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa mai koyo, idonsa a kan bayan kujerar gaba.

"Na ɗauka ba kya so na."

Ta gane. Babu kalmar da ta kuɓuce mata, har ta so a ce ba ta gane ba. Shekara da shekaru yaron nan yana yawo da wannan a cikinsa, yana tuƙa mutane, yana aika mata da magani, ya ɗauko ta daga wata duniya ya ba ta ɗaki a gidansa, duk yana zaton ba a son sa. Ta juya ga taga ta goge ido da bakin gyale.

"Kai, rufe mini baki," ta ce da Hausa. "Mara kunya kawai. A cikin mota?"

Ya yi wata irin dariya da ta fi kama da kuka, ya share fuska da tafin hannu. Can ya ce to jarrabawar fa, in aka tambaye ta sunan? Ta ce abin da ta gaya wa likita shi za ta gaya musu, in suna da lokaci ma ta ƙara musu. Ai magana suke so su ji, za su ji ta har su gaji. In kuma sun kayar da ita, ta koma gida da hankalinta cikakke, ba wanda ya rubuta mata ƙarya. Gobe shi zai raka ta wurin Malama, ya tsaya a gefe ya yi shiru, ita za ta yi bayani a mayar da ita kujerarta ta gaba. Daga yau kuma in ya dawo aiki da yaren nan zai riƙa gaishe ta, tun da ashe a cikinsa yake da baki.

Ya ce to, Inna.

Muryar bas ta sanar da tasha ta gaba. Kullum shi yake taɓa ta ya ce sun iso. Yau kafin ya motsa ta miƙa hannu ta danna ƙararrawa, ta tashi ta gyara gyalenta. Ya biyo ta a baya da jakarta a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya, matakin ya jiƙe da ruwa. Sai ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, a gaban mai tuƙi da fasinjoji da kowa, ta kama hannunsa ta sauka.